Kututture Biyu a Gonar Surukata

Tun da na dawo daga Gobir mutane ba su bar ni na huta ba. A wurin aiki, a ƙofar masallaci, har a teburin mai shayi, tambayar ɗaya ce: wai da gaske ne a shekarar da kowa ke neman abin da zai sa a baki, ni na kwashe hutuna kaf na tafi bakin iyaka gadin kututture? Da gaske ne. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kowa ya tsinci nasa ya ƙara masa gishiri, har na ji ana cewa wai aljanu na je kora daga gona. To ga shi nan daga farko, duk wanda ya sake tambayata miƙa masa zan yi ya karanta.

Ni Bazazzagi ne, aiki ya kawo ni Gusau, inda nake rainon itatuwa a gandun daji. Matata Dije Bagobira ce daga Tungar Barmo, wani ɗan ƙauye bayan Tsamaye a ƙasar Sabon Birni. Da fari ya yi tsanani, gero ya bushe a tsaye bai kai gwiwa ba, sai muka aika aka zo mana da mahaifiyarta, tunda mijinta ya rasu kuma ba ta da ɗa namiji. Inna muke ce mata. Sunanta na yanka bai taɓa fitowa daga bakina ba, kuma ba a takarda zai fara ba.

A Zazzau ma muna kunyar surukai, amma tamu wasan yara ce a kan ta Gobirawa. Dije 'yar fari ce, don haka Inna ko sunanta ba ta kira, balle nawa. Duk zaman da ta yi a gidana ban taɓa ganin ta kai loma baki ba. In tana da magana da ni, sai ta fuskanci bango ta ce, “A ce ma Malam rijiya ta yi ƙasa.” Ni kuma ina tsaye a bayanta in ce wa bangon, “A ce mata na ji.” Dije ce ta fahimtar da ni cewa a wurinsu babu abin da ya kai wa tsohuwa nauyi kamar ta zauna tana cin tuwon suruki. Ba ta rasa komai ba a gidana, amma kullum hankalinta yana kan ranar da za ta koma ta noma abin da za ta ci da hannunta.

Ana nan, bazara ta kama, wani ɗan ƙauyensu da ya biyo ci-rani ya kawo labari. Gonar Inna tudu ce, rairayi zalla, amma daga gindinta akwai wani ɗan kwari mai riƙe laima, wanda ko a shekarar fari yakan ba da dawa. Mijinta ya daɗe yana noma shi. Yanzu maƙwabcinta na gona, wani Bafillace mai suna Manu, ya share kwarin ya ce nasu ne, aro mahaifinsa ya ba marigayin tun suna da shanu ba su damu da noma ba. Kowa a garin ya yarda cewa iyakar gonakin biyu wani runhu ne. Matsalar ita ce itatuwa biyu ne masu rawayan fure a wurin, runhu da marga, ɗaya a bakin kwarin ta wajen tudun Inna, ɗaya can a ƙarshensa. Makiyaya masu wucewa sun sare su duka, wuta ta bi ta kansu, saura kututture biyu baƙi ƙirin. Dattawan da za su iya rantsuwa a kai, wasu sun mutu, wasu yunwa ta kora su kudu. In runhun shi ne na ƙarshe, kwarin na Inna ne, ta koma gida ke nan. In na kusa ne, tudun kaɗai ba zai ciyar da ita ba.

A wajenmu runhu ba abin nema ba ne. Ɗan gajeren itace ne da ke cika saura, ya kaɗe ganyensa da rani sannan ya yi fure rawaya shar, 'ya'yansa a cikin siririn kwanso irin na wake. Ina yaro ni ake aike in karyo shi in an yi haihuwa a gida, don wankan jego. A Gobir kuwa ya zama abin labari. Inna ta ji saƙon, bayan kwana biyu ta fuskanci bango ta ce, “A ce ma Malam, tunda aikinai icce na, shi zo shi duba.” Dije tana da tsohon ciki, ba ta iya tafiya. Ke nan daga ni sai surukata, babu mai isar da magana a tsakani.

A tashar Gusau muka fara ganin abin da ke gabanmu. Motocin da ke zuwa daga arewa a cike suke da fatun shanu da mutane da tabarminsu, masu komawa can kuwa ba kowa. Muka sami wata a-kori-kura da za ta Isa ɗaukar fata, mu biyu ne kawai fasinja. Direban, wani Bakano mai yawan dariya, ya buɗe gaba ya ce mu shiga. Inna ta dubi kujerar, ta ga kafaɗarta za ta taɓa tawa, ta zagaya ta hau baya. Ni kuma ina zan sa fuskata in zauna a inuwa surukata tana rana? Na zagaya na hau baya. Ta juya ta fuskanci gabas, na juya na fuskanci yamma. Haka muka wuce Ƙauran Namoda, rana tana dukanmu mu biyu, kujerar gaba babu kowa, direba yana leƙo kai yana cewa, “Shekarata nawa a hanyar nan, ban taɓa ɗaukar mutanen da suka raina kujerata irinku ba.”

A Shinkafi yunwa ta ci ƙarfina. Na sayi dafaffen rogo da ƙuli, na zagaya bayan motar ta wajen da Inna ba ta ganina, don ta sauka tana zaune a gindin wata dalbejiya a ɗaya gefen. Na tsuguna na cika baki. Ashe motar sai da turi take tashi, kuma direba ya zaɓi wannan lokacin ya tara 'yan tasha. Kafin in haɗiye, motar ta gusa daga tsakaninmu, sai ga ni tsugune gaban surukata, kumatu a cike, rogo a hannu. Inna ta ɗaga kai ta dubi sama ta daɗe, sannan ta ce, “A ce ma direba hadari bai da niyya yau.” Ban sake jin yunwa ba sai washegari.

Mun isa Isa da yamma, muka sauka gidan wata 'yar'uwarta, ita ta shige ciki, ni aka shimfiɗa mini tabarma a zaure. Da safe na tambayi maigidan ko akwai runhu a kusa, don ina so in sabunta idona da irin na ƙasarsu. Ya ce ai ga shi can gaban makarantar firamare ya yi fure. Muka taka har can cikin zumuɗi. Ina zuwa na tarar da kasiya, irin wadda mu da kanmu muke rabawa a dasa, watakila ma daga hannuna ta fito. Na ce masa wannan baƙuwa ce, ba runhu ba. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce, “To, rawaya dai ta.” A nan na gane irin aikin da ke jirana. A hanyar dawowa muka bi ta gulbi, babu ko ɗigon ruwa, mata sun haƙa ramuka a cikin yashi sun zauna bakinsu da ludayi suna jiran abin da zai tatso. Wata Bafillata ta shimfiɗa ƙoren ɗakinta a kan zane tana sayarwa, irin masu zanen nan da ba a taɓa fitarwa sai ranar biki. Babu mai tayawa, ita ma ba ta kiran kowa.

Daga Isa zuwa Sabon Birni mun sami mota, daga nan kuma sai amalanken jaki, don motar Tsamaye sai ranar kasuwa. Mai amalanken ya ce da shanu yake ja, yanzu jakin ne ya rage. Jakin ma rabin hanya muka tausaya masa, ni da mai shi muka sauka muna tafiya a ƙasa. Inna ta so ta sauka ita ma, na ce wa jakin a ce mata ta yi zamanta.

Tungar Barmo rabin gidajenta a rufe suke da ƙaya. Inna ta shiga ɗakinta ta fara shara tun ba ta sha ruwa ba, ni kuma aka sauke ni gidan limamin garin, Malam Abdu, wani dattijo mai sanyin murya da ya gaji limanci da allo daga iyayensa. A Zazzau baƙo da tuwo ake tarbarsa, ko fate in da rana ne. A Gobir fura ce safe da rana, sai dai furar bana ruwa ce da ƙanshin gero, babu nono, an ɗan tsamama ta da tsamiya. Da dare ana kawo anza, 'ya'yan wani icce da ake jiƙawa kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinsu ya fita. Wanda ya ce maka ɗacin yana fita duka, bai ci ba. Na lura duk lokacin da aka ajiye mini ƙwarya, Liman sai ya ce shi yana azumin nafila. Da na ga nafilar ta ƙi ƙarewa, na jawo buhun dawa da garin rogon da na zo da su na ajiye a ƙofar turakarsa. Ya ce baƙo ba ya ciyar da mai masauki. Na ce sadaka ce ta surukina marigayi, a yi masa addu'a. Wannan bai iya mayarwa ba.

Na yi zaton zan tarar da Manu ƙato mai jan ido. Sai ga wani dogo siriri, sanda a gicciye bisa kafaɗunsa kamar mai bin garke, alhali ko maraƙi ba shi da shi. Ya zo har ƙofar Inna ya tsuguna ya gaishe ta, shi ma Inna yake ce mata. Da ya taso ya ce mini, “Malam, da ina da ko saniya guda da ban taɓa kwarin ga ba. Shanu sun ƙare, yara na nan.” Na so in ji haushinsa, abin ya ƙi.

Washegari Maigari ya tara sauran mazan garin muka je gonar, tana nan bayan gari kusa. Na ce masa gaskiya ni surukin ɗaya ɓangaren ne, bai kamata in zama alƙali ba. Manu ya ce, “Mutumin da ba ya iya cin abinci gabanta, ba ya iya ƙarya gabanta. Abin da yac ce, shi na.” Na durƙusa gaban kututturen farko, na kankare gawayin da wuƙa, na shinshina, na je na biyun na yi haka. Ƙaurin wuta kawai nake ji. Abu ɗaya na gani mai daɗi, can ƙasa kusa da saiwa dukansu da sauran ɗanye. Na ce wa Maigari ba zan rantse a kan gawayi ba, ganye kaɗai zai faɗi gaskiya, kuma ganye ba zai fito ba sai an ba su ruwa. Jiran damina kuma ba zai yiwu ba, don kafin ruwan farko ya kamata a san mai shuka.

Rijiya ɗaya ce ta rage a garin, mata tun asuba suke layi, guga yana fitowa rabi laka. Cewa a ɗebi wannan ruwan a zuba wa kututture, ko ni da na faɗa sai da na ji kunya. Can sai Liman ya gyara murya ya ce, “Ruwan alwala dai ƙasa shika zuba, ko ba haka na ba? To mu zo mu zuba shi nan.”

Haka aka yi. Aka share fili a gindin wani gawo da ke gefen gonar aka mayar da shi masallaci. In lokacin salla ya yi sai ka ga maza sun fito a jere kowa da butarsa, rabi su tsuguna kan wannan kututture, rabi kan wancan, a salla ta gaba Liman ya sa a yi musanya don kada a ce an fifita ɗaya. Ban taɓa ganin alwalar da ake tattalin kowane ɗigo irin wannan ba. Wani tsoho har gemunsa yake matsewa a kai. Mata kuwa a gida suke yin tasu a cikin ƙwarya su kawo. Ranar farko na tsaya daga nesa ina kallon Inna ta taho da tata, ina so in ga wanne za ta ba. Ta zuba rabi a na kusa, ta taka har ƙarshen kwari ta zuba sauran.

Muna cikin jira na ce wa Manu ina so in ga runhu mai rai a irin wannan ƙasa, don ganyen icce yakan ƙanƙance inda ruwa ya yi ƙaranci. Ya ce ya san guda, amma sai an tsallaka iyakar ƙasa. Muka fita da sassafe a ƙafa. Ni da nake zaton zan ga katanga ko waya, ban san mun zo iyakar ba sai da na ga wata rumfar kara da ganga a tsakiyar hanya, da jandarma a zaune yana hura gawayin shayi. Bahaushe ne kamar kowa, hular ce kawai ta bambanta.

Ya ce, “Mi kunka ɗauko?”

Manu ya ce, “Ba komi.”

“Ina za ku?”

Na ce, “Za mu kallon wani itace ne mu dawo.”

Ya ajiye mafici ya tashi. Ya laluba aljihunmu, ya sa na cire hula, ya ƙwanƙwasa sandar Manu ya kara a kunne. Ya ce tun da aka kawo shi wurin nan an yi masa ƙarya iri-iri, amma bai taɓa jin marar dabara irin wannan ba, don haka lalle akwai abin da muka ɓoye. Da bai sami komai ba, Manu ya ba shi labarin kututturen da alwalar. Sai ya zuba mana shayi a 'yan ƙananan kofunan gilashi, mai ɗaci da sukari kamar zuma, ba irin namu na madara da burodi ba. Ya ce, “Ku tahi. In kun gane shi ku gaishe shi.”

Runhun a cikin maƙabartar wani ƙauye yake, inda ba mai sa gatari. Tun daga nesa na hango shi, duk dajin toka-toka, shi kaɗai rawaya, ƙudan zuma suna ta kuka a kansa. Ƙanshin da ya doke ni sai da na tuna tsakar gidanmu da tukunyar ruwan zafi. Daga gindinsa wasu sababbin rassa sun yi ganye, na jawo ɗaya na nuna wa Manu. Ganyen runhu ƙanana ne, bibbiyu suna fuskantar juna, bakinsu a dunƙule, kuma a tsakanin kowane biyu akwai wani ɗan tsiro kamar kan allura. Na marga sun fi girma, suna da tsini da sheƙi, kuma ba su da wannan ɗan tsiron. Na ce ya duba da kyau, don in ranar ta zo ya gani da idonsa, ba sai ya dogara da bakina ba. Ya duba, ya gyaɗa kai, sannan ya wuce ni ya tsuguna gaban wani ɗan gajeren kabari da ke inuwar iccen. Sababbin kaburbura suna da yawa a wurin, kuma gajerun sun fi yawa. Da ya shafa addu'a ya ce, “Ɗiyata ta. Bara, muna kora sauran shanu.” Na tsuguna kusa da shi na yi tawa addu'ar. Da za mu fita na tsinci wasu busassun kwanso da iska ta watso bayan shinge na zuba a aljihu.

Mun dawo muka tarar da gari a hargitse. Kututturen ƙarshe ya fara tsiro, wata akuya da ba a san tana da sauran ƙarfin tsalle ba ta je ta cinye. Mai akuyar tana ta rantsuwa, wasu suna cewa da gangan ne. Liman ya ce akuya ba ta san iyaka ba, yunwa ta sani, a saro ƙaya a kewaye su. Aka kewaye, aka koma jira. Hutuna yana ta ƙarewa, zafi yana ƙaruwa, da yamma gabas ta fara haɗa gajimare, wasu har sun fara binne iri a busasshiyar ƙasa. Tsiron ya sake fitowa a duka biyun, jajaye, a naɗe, ba ka iya bambanta su. Kowace safiya in je in leƙa, kowace safiya in ce a ƙara haƙuri. Har aka fara ce mini Malam Sai-gobe.

Ranar da ganyen ya buɗe, bayan sallar asuba ne. Na fara zuwa na ƙarshen kwari, wanda nake roƙon Allah ya zama shi. Ganye masu tsini, masu sheƙi. Na juya su sama da ƙasa ina neman ɗan tsiron nan, babu. Na dawo wurin na kusa da tudu. Ban ma gama sunkuyawa ba na gan shi, ɗan kan allura a tsakanin kowane ganye biyu. Na zauna a ƙasa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san abin da na gani, kuma na san wadda ta share ɗakinta tana jira. Duk garin ni da Manu kaɗai muka san wannan alamar, shi kuwa tun da tsiro ya fito bai taɓa matsowa kusa ya duba ba, a bayan sahu yake yin alwalarsa ya tafi.

Bayan la'asar aka taru a gindin gawo. Inna ta zo da wasu mata suka zauna gefe. Maigari ya ce, “To, Malamin daji, mi kag gani?” Na duba ko'ina, babu bangon da zan gaya wa. Na tashi na tsinko ganye ɗaya daga kowane kututture, na zo na durƙusa na ajiye su a kan gefen tabarmarta, na ƙarshen kwari a dama, na kusa a hagu. Sannan na ce wa Maigari, “Runhun shi ne na kusa da tudu. Wancan marga ce.”

Inna ba ta dubi kowa ba. Ta ɗauki na dama ta murza ta kai hanci, ta ajiye. Ta ɗauki na hagu ta murza, ta riƙe shi a hancinta har na fara jin kukan tsuntsaye a kan gawo. Sannan ta ce, “Wanga na. Da shi anka yi mani wanka sa'adda nis samu yarinyar can. Marigayi ka kawo ganyen, ban taɓa tambaya tai daga wane gindi ba.” Ta goge hannu a zane ta ce, “A ce ma Manu shi shibka.”

Manu ya matso ya tsuguna, ya ce a raba kwarin biyu, ta ɗauki rabi. Ta ce rabin kwarin nan ba ya ciyar da yaransa, ba ya ciyar da ita, a bar shi wuri guda ya ciyar da wani. Ta ce tudun ma ya haɗa da shi aro, kada ya koma saura, abu ɗaya kawai take roƙo, kada a sake sa wa runhun gatari. Manu ya sa hannu ya rufe fuska. Liman ya yi addu'a aka watse. Da magariba na ga maza sun fito da butocinsu sun nufi gona kamar kullum, ko da yake an riga an gama shari'a.

Kwana biyu bayan nan Inna ta sake jawo ƙaya ta rufe ƙofar ɗakin da ta share. Amalanke, Sabon Birni, sannan Isa, duk hanya ba ta ce a ce wa kowa komai ba. Ni kuma na tabbata ta ƙullace ni, kuma ban ga laifinta ba. Ita ta ce in zo in duba, na zo na duba mata gonarta ta tafi.

A tashar Isa muka zauna jiran motar Gusau ta gama lodin fata. Rana ta take, ban ci komai ba tun jiya. Na hango mai rogo, na tashi a hankali zan zagaya bayan mota, wannan karon na tabbatar an sa mata dutse a taya. Sai na ji an ce, “Kai, zamna.”

Na waiwaya in ga wa ake nufi. Babu direba, babu bango, babu jaki. Ni take kallo. Na koma na zauna a bakin tabarmar. Ta kwance wani ƙullin tsumma da matar Manu ta ba ta, curin fura ne guda, busasshe, ban san daga bakin wa aka hana shi ba. Ta raba shi biyu ta miƙo mini rabi a hannuna. Ta ce, “Tunda tuwonka za ni ci har in koma ga Allah, gara in hwara koyo tun nan.” Ta juya kai gefe kaɗan ta kai nata baki. Na ci nawa a gabanta.

Wannan shi ne gadin kututturen da kuke ta tambaya. Dije ta sauka lafiya bayan dawowarmu. Kwanson da na tsinto bayan maƙabarta na fasa su na shuka a gandu, kaɗan suka fito, na kawo ɗaya gida na dasa a tsakar gida daidai inda Inna take alwala. Har yanzu ba ta kiran sunana, kuma ba na jin za ta taɓa kira. Amma jiya da safe ina shirin fita ta ce, “Kai, ya yi sabon ganye. Zo ka duba mani ko shi na.”